Ƙato A Bakin Lungun Ruwa: Tsoro Na Daji, Kunya Ta Gida

Tun daga shekarar 2018, sa'ad da duniya ta zuba ido kan kogon Tham Luang na ƙasar Tailan, inda ambaliya ta rutsa da yara 12 'yan ƙwallo da mai horar da su, sha'anin kutsa kogo ya daina zama baƙon labari a wurinmu ɗalibai. Waɗanda suka tafi ƙaro ilmi Ingila a cikinmu sukan tarar da ƙungiyoyin masu wannan wasa a jami'o'in can, a nan gida kuwa ana kai ziyara kogon Ogbunike na Jihar Anambara, inda akwai wuraren da sai an sunkuya ko an yi rarrafe. To, a kowace tawaga ba a rasa ƙato guda, mai faɗin ƙirji ko mai teɓa, kuma shawarar da aka saba ba shi a bakin matsattsen lungu ita ce: "Fitar da numfashi ka tura, in kai ya shiga jiki zai bi." Mu a ganinmu wannan shawara ta sirara ce, su ta yi wa amfani, kuma in akwai ruwa a lungun tana iya zama ajalin mai jiki.

Bari mu fara da maganar kai. Ba gaskiya ba ne cewa inda kai ya wuce jiki zai wuce. Abin da ke tsayar da babban mutum ƙashi ne, watau haƙarƙari da kafaɗa da ƙugu. Tumbi yakan lotsa ya ba da hanya, ƙashi kuwa ba ya jin lallashi. A watan Nuwamba na 2009 wani ɗalibin likitanci mai shekara 26, John Jones, dogo mai nauyin kilo wajen 90, ya shiga wani rami a kogon Nutty Putty na Jihar Yuta a Amurka, da kai a gaba, ramin kuma yana gangarawa ƙasa. Faɗin wurin da ya maƙale bai wuce inci 10 a gefe guda da 18 a ɗaya gefen ba. Ya fitar da numfashi ya kutsa, da ƙirjinsa ya sake cika sai ya kasa komawa. Ya fi sa'a 24 kansa na ƙasa, masu ceto na fama, har rai ya yi halinsa, aka rufe kogon da gawarsa a ciki. Shekara 50 kafin wannan, a 1959, Neil Moss, ɗalibin Jami'ar Okusfod mai shekara 20, ya maƙale a wani siririn rami na kogon Peak a Ingila, gurɓatacciyar iskar da ya yi ta fitarwa ta taru a ramin ta sumar da shi, shi ma can aka bar shi. Duka biyun ɗalibai ne kamarmu, kuma duka biyun ba ruwa a inda suka maƙale. Wanda ya maƙale a busasshen wuri yana da sa'o'i, wanda ya maƙale fuskarsa cikin ruwa daƙiƙoƙi gare shi.

Ga inda shawarar sirara ke warware kanta. Dabarar matsi ita ce a fitar da iska domin ƙirji ya ɗan rage kauri. Dabarar nutso kuwa ita ce a cika huhu a riƙe. Mutum ba ya yin biyun a lokaci guda. Bugu da ƙari, ruwan kogo a ƙasa irin Ingila bai cika wuce digiri 10 ba, kuma ruwa mai sanyi haka, da zarar ya taɓa ƙirji, yakan sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba, ƙirjin ya buɗe daidai lokacin da ake so ya tsuke. Saboda haka hukuncinmu a nan ba shi da kwana-kwana: duk lungun da ba ka wuce shi sai ka fitar da numfashi, in ruwa ya cika shi har rufi, ba naka ba ne. Ka juya.

Sai dai ba kowane lungun ruwa ne ya cika har rufi ba. Mafi yawa akwai 'yar tazarar iska tsakanin ruwa da dutse, wani lokaci ba ta fi faɗin tafin hannu ba, kuma a nan ne mai jiki yake da abin koyo. Abu na farko da sirara ba su sani ba, domin bai taɓa samunsu ba, shi ne jikin ƙato madatsa ce. In ruwan mai gudu ne, kuma ka cika mashigin, sai ya taru a gefen da yake zuwa ya hau sama, tazarar da na gabanka ya shaƙi iska a cikinta ta ragu ko ta ɓace a lokacinka. Wanda ya ce maka "akwai iska, na gani" bai yi ƙarya ba, iskar jikinsa ya gani. Don haka a lura da inda ruwa ya nufa, kada a bari kai ya kasance a gefen da zai taru in akwai wata hanya. A kwanta rigingine, hanci na shafar rufi, a tuɓe hular kwano a tura ta gaba da fitilarta, a tafi a hankali ƙwarai, gama gaggawa ke tayar da igiyar ruwa, kuma igiya ɗaya a hanci ta isa ta kawo firgici. Hannu ɗaya a miƙe gaba, ɗaya a kwance a gefen jiki, domin kafaɗu su karkace su rage faɗi. Ɗamara da igiyoyin hawa da duk abin da ke aljihun ƙirji a cire su tun a waje. In ƙasan lungun tsakuwa ce ko yashi, a tsaya a yashe ta da hannu ko da minti 20 zai ci. Inci guda da aka ƙara ya fi ƙarfin mutum uku masu ja. In kuwa ramin gangara yake ba a san ƙarshensa ba, ƙafa ake sa wa gaba, domin mai hawa da baya kansa na ƙasa ba shi da abin turawa.

Kada a ce mun mai da girman jiki laifi. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska ninki wajen 25, kuma mai kitse ya fi siriri jure wannan. Sau da yawa siririn da ya sulale kamar tarwaɗa shi ne zai fara karkarwa a can gaba. Rigar roba mai kauri tana maganin sanyi, amma ga ƙato tana ƙara masa kauri, tana kuma ɗaga shi sama ta manna shi da rufi, sai a zaɓi wadda ta dace, a kuma gwada ta tun ba a shiga ba.

Gwajin nan ma shi ne abin da muka fi so a ɗauka. Masu wannan wasa a Turai da Amurka suna da wani akwatin katako mai faifai biyu da ake matsowa ko a buɗa, mutum ya ja ciki ta tsakani har ya san iyakar tazarar da ƙirjinsa ke wucewa. Kowane kafinta na bakin kasuwa zai iya haɗa shi a yini guda. Wanda ya san adadinsa, da rigar da zai sa a jikinsa, kuma yana numfashi yadda ya saba, ya huta da gardama a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya tambayi faɗin lungu tun a gida, ya gwada da nasa, magana ta ƙare.

Sauran laifin na tawaga ne, kuma a nan za mu ɗan tsananta. Ranar 1 ga Janairu 2007 wata mata mai jiki ta maƙale a wani matsi na kogon Kango a Afirka ta Kudu, ta toshe hanyar fita ga mutane fiye da 20 har wajen sa'a 10, sai da aka yi amfani da mai da igiya kafin a zare ta. An yi ta dariya a jaridu. Mu ba mu ga abin dariya ba, abin da muka gani shi ne mutum guda yana iya zama murfin kwalba ga jama'a, kuma da kogon mai ambaliya ne da labarin ya sha bamban. Wajen shiga, kamata ya yi mai jiki ya bi bayan wanda ya san hanya kai tsaye, saura su tsaya a gefen fita har ya wuce, a sami mai magana da shi a wajen kansa da mai gyara masa ƙafa a baya. Kuma a tuna duk matsin da aka shiga sai an sake biyo shi wajen dawowa, a gajiye, cikin sanyi, watakila ruwan ma ya ƙaru. A kogon Mosdel na Yokshaya, ranar 24 ga Yuni 1967, ruwan sama ya sauka a waje, rafi ya cika dogayen lungunan jan ciki, matasa 6 suka halaka, alhali ƙwararru ne. A Tham Luang ma ruwa bai bar gwani ba, don a can Saman Kunan, tsohon sojan ruwa mai iya nutso, ya rasu wajen kai tukwanen iska.

Abin da ke tura ƙato cikin lungun da ya fi ƙarfinsa ba jahilci ba ne galibi, ba'a ce. "Haba malam, duk girman nan na banza ne?" Mun san irin wannan magana a ɗakunan kwana, mun san kuma yadda take cin rai, balle in akwai 'yan mata a tawagar. Hausawa sun riga sun raba gardama da suka ce tsoro na daji, kunya ta gida. Muna kira ga duk ƙungiyar ɗalibai mai shirya irin wannan tafiya ta sa doka a rubuce: wanda ya ce ya tsaya, ya tsaya, ba tambaya, kuma mutum biyu su juyo tare da shi zuwa bakin kogo. Shugaban tafiya shi zai fara faɗin wannan da bakinsa a cikin mota, tun kafin a sauke kaya.