KARE RAI DABAN, RAMUWA DABAN: MAI BI DA BATUN RIƘE BINDIGA

Akwai tambayar da ba a cika yi mana ita a cikin majami'a ba, sai an tashi sujada an fito waje. Wata ranar Lahadi wani saurayi daga ajin masu shirin baftisma ya tare mu a gindin darbejiya, ya ce, "Malam, in suka zo da dare, ga mahaifiyata a ɗaki, ga ƙannena, in durƙusa in yi addu'a ne ko in ɗauki abin da ya zo hannuna?" Ba da wasa ya yi tambayar ba, domin an taɓa ƙona ƙauyensu. Irin wannan tambaya tana cikin zuciyar masu bi da yawa, kuma idan Ikilisiya ta ƙi amsa ta, to masu sayar da makamai za su amsa.

Inda tambayar ta samo asali

Manyanmu suna tuna rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, wanda ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da wasu garuruwa, aka ƙona majami'u masu yawa. Sai na Tafawa Ɓalewa da na Kano a 1991, da na Zangon Kataf a 1992. A shekarun nan ne wata magana ta yaɗu tsakanin Kirista, wai an mari kunci na ɗaya, an mari na biyu, ba mu kuwa da na uku. Bayan haka an ga bom a majami'ar Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da kisan masu sujada a Owo a watan Yuni 2022, da harin jajibirin Kirsimeti na 2023 a ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi inda fiye da mutum 100 suka mutu.

A watan Maris 2018, Janar Theophilus Danjuma mai ritaya ya tsaya a Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo, ya zargi sojoji da rashin tsayawa tsakiya, ya kira jama'a su tashi su kare kansu. Rundunar soja ta musanta zargin. Wannan kira bai tsaya a bakin Kirista kaɗai ba. A 2022 gwamnatin Zamfara ta shawarci mutanen jihar, waɗanda galibinsu Musulmi ne, su nemi lasin riƙe bindiga saboda 'yan fashin daji. Ashe ciwon na talakan ƙasa ne duka, wanda ya kira hukuma da dare bai ga kowa ba sai gari ya waye.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Kowane ɓangare yana da ayar da ya riƙe. Masu cewa a nemi makami suna kawo Luka 22:36, inda Ubangiji ya yi wa almajirai maganar sayen takobi. Amma mu ci gaba da karatun. Da suka nuna masa takuba biyu, sai ya rufe zancen. Takuba biyu ba za su yi wa mutum goma sha ɗaya yaƙi ba. A daren nan kuma, da Bitrus ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, Yesu ya tsawata masa, ya sa ya mai da takobin kube, ya kuma warkar da kunnen. Wanda ya gina koyarwar tara makamai a kan ayar nan, ya tsaya a tsakiyar labari ke nan.

Masu cewa kada a ɗaga ko yatsa suna kawo Matiyu 5:39, zancen juya ɗaya kuncin. Wannan umarni ne na Ubangiji, ba mu da ikon soke shi don ya yi mana nauyi. Sai dai mu lura, mari cin mutunci ne da ake yi wa mutum shi kansa, kuma abin da Yesu yake tumɓukewa a wurin shi ne halin nan na sai na rama. Shi da kansa, da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, bai rama ba, bai kuma yi shiru ba, ya tambayi mutumin dalilin marin, kamar yadda Yahaya sura 18 ta ba da labari. Kuncinmu namu ne, muna iya miƙa shi. Wuyan jaririn maƙwabcinmu kuwa ba namu ba ne balle mu miƙa.

Tun a Tsohon Alkawari an shata wannan iyaka. Fitowa 22:2-3 ta bambanta ɓarawon da aka buge cikin duhu yana fasa gida, da wanda aka kashe bayan rana ta fito. Na farko babu alhakin jini a kan mai gida, na biyu akwai. Wato da zarar hatsarin ya wuce, ran ɓarawon ma yana da daraja a gaban Allah. Nehemiya ya sa masu gina garun Urushalima sun yi aiki da makamai a kusa, ya kuma sa masu gadi dare da rana, amma ba mu karanta ya aika da su ƙona garuruwan abokan gaba ba.

Manzo Bulus ya haɗa abu biyu wuri guda. A Romawa sura 12 ya hana masu bi ɗaukar fansa, ya ce sakamako aikin Allah ne. A sura 13 ya nuna cewa hukuma ce aka danƙa wa takobi domin hukunta mai mugunta. Shi kansa da ya ji fiye da mutum 40 sun yi rantsuwa za su kashe shi, bai tara 'yan daba ba. Ya aika ɗan 'yar'uwarsa wurin shugaban sojan Roma, aka raka shi da dakaru 470 a kan hanyar Kaisariya. Labarin yana cikin Ayyukan Manzanni sura 23.

Yadda iyayenmu cikin bangaskiya suka duba batun

Ikilisiya ba ta taɓa zama baki ɗaya a kan wannan ba, kuma gara mu faɗi haka. A shekara ta 295, an fille kan wani saurayi mai suna Maksimiliyan a Tebessa, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, domin ya ƙi shiga soja saboda bangaskiyarsa. Agustin, bishop na Hippo, wanda ya rasu a 430, ya yarda hukuma da sojanta su yi amfani da ƙarfi don kare marasa ƙarfi, amma bai so mutum ya kashe wani don ceton ransa shi kaɗai ba. A ƙarni na 13 Toma Akwinas ya koyar cewa kare kai halal ne, muddin nufin mutum shi ne tsirar da rai, kuma ƙarfin bai wuce gwargwadon hatsarin ba. Katikisma ta Katolika ta 1992 ta bi wannan hanya, ta ƙara da cewa kariya takan zama wajibi mai nauyi a kan wanda rayukan wasu suke hannunsa.

A nan gida muna da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda aikinta ya fara a Garkiɗa a 1923, kuma koyarwarta ta ƙi ɗaukar makami. Yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a Afrilu 2014 'ya'yanta ne. A Oktoba na shekarar Boko Haram suka mamaye hedkwatarta a Kwarhi. Duk da haka shugabanninta ba su sauya koyarwarsu ta salama ba. Wanda zai kira irin waɗannan mutane matsorata, ya fara tambayar kansa ko ya taɓa biyan rabin abin da suka biya. Haka kuma kada mai ƙin makami ya la'anci uban da ya tsaya a ƙofar gidansa da sanda. Amma duk waɗannan malamai, masu yarda da kare kai da masu ƙi, sun haɗu a kan abu guda: babu ko ɗayansu da ya halatta ramuwa.

Darasin Yelwa

A nan ne muka fi yin tuntuɓe. A watan Fabrairu 2004 aka kai wa Kirista hari a Yelwa ta ƙaramar hukumar Shendam a Jihar Filato, aka kashe mutane da dama, da yawansu a harabar majami'ar COCIN. A farkon watan Mayu aka kewaye garin, aka kashe Musulmi ɗaruruwa, har da mata da yara. Kwanaki kaɗan bayan haka wuta ta tashi a Kano, aka kashe mutane masu yawa, galibinsu Kirista baƙi waɗanda ba su ma san hanyar Yelwa ba. Ranar 18 ga Mayu Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye.

To, mu tambayi kanmu tsakani da Allah, wa harin watan Mayu ya kare? Waɗanda suka mutu a Fabrairu ba su tashi ba, sai ma aka ƙara musu 'yan'uwa a Kano. Tafiyar da aka shirya bayan wata biyu, zuwa gidan wani, ba kare kai ba ce ko da wane suna aka kira ta. Hausawa sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma ba su ce tana kashe wutar ba. A Zamfara ma an ga haka: kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi ba shari'a yana cikin abubuwan da suka hura wutar fashin daji.

Fasto James Wuye ya san wannan a jikinsa. Yana cikin jagororin matasan Kirista masu faɗa a Kaduna, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. Imam Muhammad Ashafa, wanda yake ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna, kuma suna cikin waɗanda suka shiga tsakani har aka yi yarjejeniyar zaman lafiya ta Yelwa da Shendam a 2005. Mu kuma tuna Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a Yuni 2018 ya ɓoye fiye da mutum 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya fito ya tare maharan hannu wofi. Mai ramuwa a kan kowane Musulmi, irin wannan dattijo zai iya samu a gabansa.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya amince da amfani da ƙarfi gwargwadon bukata don kare mutum daga farmaki. Dokar Final Kod ta Arewa ma ta ba da wannan haƙƙi, tare da sharaɗin kada ɓarnar ta wuce abin da kariya take bukata. Dokar makamai ta 1959 kuwa ta raba bindigogi kashi uku: irin na yaƙi sai da iznin Shugaban Ƙasa, irin su mai baki biyu sai da lasin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha take. Saurayin da aka kama da AK-47 ba lasin, kurkuku ne makomarsa, kome kyan niyyarsa.

Iyakar nan tana da tsauri. A Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi na Adamawa da ya kashe makiyayin da ya ce ya far masa da wuƙa a gona, bisa hujjar cewa bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar gudu. Mutane da yawa, har da shugabannin Ikilisiya, sun ga hukuncin ya yi tsanani, kuma a ƙarshen shekarar gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Amma ya riga ya yi shekaru masu yawa a tsare. Ya kamata matasanmu su san wannan.

To, me za mu yi?

Na ɗaya, gadi ba zunubi ba ne. A tsara shi a fili, da sanin mai gari da 'yan sanda, da sunayen masu yinsa a rubuce, a kuma haɗa da maƙwabta Musulmi inda ake zaune tare. Fitila da usur da wayar hannu da sanin hanyar fitar da mata da yara suna ceton rai. Rigakafi ya fi magani.

Na biyu, kada majami'a ta zama rumbun makamai, kada kuma a karɓi baiko don sayen harsashi. Bindigar da aka saya don baƙin dare tana nan bayan tsoron ya wuce, ita ce takan fito ranar zaɓe da ranar rikicin iyakar gona tsakanin 'yan gida ɗaya.

Na uku, bayan hari, dattawa su tsaya a kan hanya su hana tare matafiya da bin rugage. Mai laifi a nuna shi ga hukuma, a rubuta sunayen matattu, a tsaya shaida a kotu, kome jinkirinta.

Na huɗu, mu matsa wa masu mulki lamba ba tsoro. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne aikin gwamnati na farko. Wanda Allah ya danƙa wa takobi ya kwanta barci, zai ba da lissafin jinin talakawa.

Saurayin nan mun koma mun same shi. Muka ce masa, in an fasa ƙofarku, ka tsaya tsakanin mugu da mahaifiyarka, ba za mu kira ka mai zunubi ba. Amma in ya juya ya gudu, ka bar shi ga hukuma da Allah, kada gari ya waye ka tafi neman ƙanensa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce na biyun ya fi wuya. Gaskiyarsa ne, shi ya sa muke bukatar alheri.

Ubangiji ya ta'azantar da masu makoki, ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya tsare hannuwanmu daga jinin marar laifi. Amin.