Koci ɗaya, shekara 60: abin da tarihin wata ƙaramar jami'a ke koya wa masu garajen kora

A watan Nuwamban 2023, jami'ar Texas A&M da ke Amurka ta sallami mai horar da ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka, Jimbo Fisher. Kuɗin sallamar kaɗai ya haura dalar Amurka miliyan 75, wato sama da miliyar 40 na sefa. Haka manyan jami'o'in ƙasar suka saba: a ɗauko koci da kiɗa da rawa, a sha kashi sau kaɗan, a buɗe masa ƙofa. Ra'ayinmu shi ne wannan ɗabi'a ɓarna ce, kuma hujjar tana cikin jerin sunayen masu horarwa na wasu ƙananan makarantu.

Mu ɗauki jami'ar Saint John's da ke garin Collegeville a jihar Minesota, makarantar da ɗalibanta ba su kai dubu biyu ba. Tana buga wasan nan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita, a rukuni na uku, inda doka ta hana bai wa ɗalibi tallafin karatu saboda wasa. A 1953 ta ɗauki wani matashi mai suna John Gagliardi domin ya gaji Johnny McNally. Bai sauka ba sai a ƙarshen kakar 2012. Shekara 60 ke nan a kujera ɗaya.

Idan aka haɗa da shekaru huɗun da ya yi a kwalejin Carroll ta jihar Montana, Gagliardi ya ci wasa 489, adadin da babu kocin jami'ar da ya kai. Ya ɗauki kofin ƙasa sau huɗu: 1963, 1965, 1976 da 2003. A lura da tazarar da ke tsakanin biyun ƙarshe. Shekara 27 ba kofin ƙasa, kuma shugabannin makarantar ba su kore shi ba. Da sun yi gaggawa, da ba a ga kakar 2003 ba, wadda a cikinta ya karya tarihin Eddie Robinson na nasara 408, sannan ya doke Mount Union da ci 24 da 6 a wasan ƙarshe, ya tsayar da jerin nasarorinta 55.

Daɗewar ce ta ba shi damar gina tsarinsa. Ba ya busa usur a wurin atisaye. Ba ya barin ƴan wasa su riƙa kayar da juna ƙasa lokacin horo, don kada su ji rauni kafin ranar wasa. Atisayen ba ya wuce minti 90, kuma ya fi son a kira shi da sunansa maimakon koci. Mutumin da aka ba kwangilar shekara biyu, takobi na rataye a kansa, ba zai taɓa kuskura ya gwada irin wannan ba.

Ita ma Mount Union ta jihar Ohayo haka tarihinta yake. Daga 1962 zuwa 2019 mutum uku kacal suka riƙe ƙungiyar: Ken Wable, sai Larry Kehres wanda ya ci kofin ƙasa 11 tsakanin 1986 da 2012, sai ɗansa Vince Kehres. Makarantun biyu da suka haɗu a wasan ƙarshe na 2003 duka masu riƙon koci ne.

Wani zai ce ai nasara ce ta sa aka bar su, ba barinsu ne ya kawo nasara ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Haka kuma daɗewa na da nata haɗari. Robinson, wanda ya riƙe Grambling daga 1941 zuwa 1997, ya rufe aikinsa da kakanni marasa daɗi, shi ma Gagliardi kakarsa ta ƙarshe rabi nasara ce rabi kashi. Ba muna cewa a bar kowa a kujera har mutuwa ba ne. Abin da muke cewa shi ne a auna koci da ma'aunin shekaru, a duba ko yara na kammala karatu, ko suna fita da lafiyarsu, ko akwai magajin da ake rainon sa. A Saint John's, wanda ya karɓi aikin a 2013, Gary Fasching, tsohon ɗan wasan Gagliardi ne kuma mataimakinsa na shekaru da dama, don haka ginin bai rushe ba da tafiyar maginin.

Wanda ke biyan kuɗin korar koci da garaje ba shugaban da ya sa hannu ba ne. Ɗalibin da aka ɗauko da alƙawari ne, wanda zai wayi gari da sabon maigida da bai san shi ba, da sabon tsarin da wataƙila babu gurbinsa a ciki. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Duk hukumar da ke shirin sallamar mai horarwa bayan kaka ɗaya, ya kamata ta fara ƙirga mutum nawa ta kora a shekaru goman da suka wuce, da kofi nawa hakan ya kawo mata.