DAGA INUWAR DARBEJIYA: Wa ke ganin hannun mai raba karta?

Wannan wata zancenmu kan karta ne, amma ba irin wadda muka sani a kan tabarma ba.

Duk wanda ya tashi a Mora ya san 'yan wala-wala da kan raɓe a gefen kasuwar Lahadi. Mutum ɗaya da karta uku a kan kwali, abokansa biyu suna ta ci a gaban jama'a don su ja hankalin baƙauye, shi kuwa da ya ɗora kuɗin akuyarsa sai ya tashi hannu rabbana. Amma ko a can akwai iyaka. Idonka na kan hannun mai rabawa, a wasan karta na sosai kana iya cewa a sake cuɗawa ko ka yanka da hannunka, in kuwa an kama mutum da coge, to ranar sai ya gwammace jandarma su riga jama'a zuwa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, kwanan baya wani ɗan ƙanena ya nuna mini wayarsa yana wasan da ake kira foka da waɗansu mutane da bai taɓa gani ba, kuɗin kuma ta waya ya tura su. Na ce masa, "Kai yaro, wa ya cuɗa kartar nan?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai kwamfuta ce, ba ta da ɗan uwa." Hukuncin caca dai malamai sun gama bayaninsa, ba ni zan ƙara musu ba. Wannan magana tasa ta cewa na'ura ba ta coge ita nake so mu duba.

A irin fokar da aka fi yi, kowa ana ba shi karta biyu a rufe, a jera biyar a tsakiya a buɗe, ana zuba kuɗi ana ƙarawa. Duk wasan ya rataya ne kan cewa ba ka san biyun da ke hannun abokin karawarka ba. Wanda ya san su kuwa, ai kwasa kawai ya zo yi.

To, an yi haka. A shekarar 2007, a wani gidan foka na intanet mai suna Absolute Poker, wani da ya kira kansa Potripper ya cinye wata babbar gasa ta hanyar da ta ɗaure wa gwanaye kai. In abokin wasa na da karta mai ƙarfi sai ya janye, in babu sai ya afka, bai taɓa kuskure ba. A zagayen ƙarshe ma ya amsa zubi mai yawa da kartar da ko ɗan koyo ba zai amsa da ita ba, kuma ya ci. Wanda ya zo na biyu, Marco Johnson, ya nemi kamfanin ya ba shi bayanin yadda wasan ya gudana. Sai aka aiko masa da abin da ya fi ƙarfin abin da ya roƙa: kartar kowa da kowa, har da bayanin masu kallo. 'Yan wasa suka zauna suka bi shi layi-layi, suka gano wani ɗan kallo mai lamba 363 da ke bin Potripper duk teburin da ya zauna. Ashe ƙofa ce ta cikin gida, wadda ke nuna kartar kowa a buɗe. Da farko kamfanin ya musa, daga baya ya amsa. Hukumar da ta ba shi lasisi, ta yankin Kahnawake kusa da Montreal a Kanada, ta ci shi tarar dala dubu 500.

Ba a gama wanke hannu daga wannan ba sai ta UltimateBet ta fashe a 2008, wadda ta fi ta muni, don an yi shekaru ana yi. Hukumar nan dai ta ɗora laifin kan Russ Hamilton, mutumin da ya taɓa zama zakaran foka na duniya a 1994, aka kuma mayar wa waɗanda aka cuta kuɗi sama da dala miliyan 20. A duka biyun, ku lura, 'yan wasa ne suka tono asirin da lissafinsu. Masu gida da masu sa ido daga baya suka iso.

Ko ba ɓarawo a cikin gida, ita kanta cuɗawar tana iya zama da ɓaraka. A 1999 waɗansu masana kwamfuta a Amurka sun nuna cewa manhajar da gidan Planet Poker ke amfani da ita tana dogara ne da agogon na'ura wajen cuɗa karta. Da suka daidaita agogonsu da nata, in sun ga karta biyar kawai sai su faɗi duk sauran. Allah Ya sa su masu bincike ne, suka fallasa aka gyara. Ga kuma tsohuwar dabarar 'yan wala-wala da ba ta mutu ba: mutum uku su zauna tebur ɗaya suna gaya wa juna kartarsu ta wata wayar, kai kana tsammanin baƙin juna ne.

Sai batun karɓar kuɗi, don ci daban, kuɗi su shigo aljihu daban. A 2011 masu gabatar da ƙara a Amurka sun ce Full Tilt Poker na riƙe da bashin 'yan wasa kusan dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Lambar da mutum ke gani a fuskar na'urarsa tana nan daram, kuɗin kuwa sun tafi.

Gaskiya ne cewa tun daga lokacin manyan gidajen suna kai manhajarsu a gwada, suna kuma korar masu haɗa baki. Amma waɗancan da aka mayar wa kuɗinsu suna da lauyoyi da 'yan jarida da masu iya lissafi. Mu fa? Nan Kamaru akwai dokar caca ta 2015, wadda ta ce ba a buɗe irin wannan harka sai da izinin gwamnati, ta kuma hana yara shiga. Wanda ya ɗauki tikitin PMUC a Marwa ko Garwa aƙalla ya san rumfar da zai koma ya ɗaga murya. Gidan fokar da ke cikin wayar yaron nan kuwa, da na sa shi ya gangara can ƙasan shafin, da ƙananan baƙaƙe da Turancin Ingilishi aka rubuta cewa lasisinsa na wani tsibiri ne a can ƙetaren teku, duk wata jayayya kuma a can za a yi ta.

Na tambaye shi ko gidan na ba shi bayanin wasannin da ya yi, irin wanda Johnson ya nema. Ya duba, ya duba, bai ga wurin ba. Na ce ya rubuta musu ya roƙa. Ya rubuta da Faransanci ranar Litinin, yau kwana goma sha ɗaya ke nan muna jira.