Ƙungiyar Ɗalibai: Hukuma Ta Sassauta Hannu, Mu Ma Mu Janye Namu

Maganar yau ba za ta yi wa wasunmu daɗi ba, har da ni mai rubuta ta.

Kwanan baya wani yaro ɗan Maiyama, da ke karatu a ɗaya daga cikin manyan makarantun jihar nan, ya same ni a Jega. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Yaya, takara zan tsaya a ƙungiyar ɗalibai, ina so ka haɗa ni da wani oga ya buga mini fosta." Na ce masa, to idan ka ci, me za ka yi wa ɗalibai? Ya yi shiru, can ya ce, "Ai Yaya duk abin da kuka ce." Wallahi amsar nan ta hana ni barci, don na san mu muka koya masa ita.

Bari in fara da hukumomin makarantu, in ya so in dawo kanmu.

A yawancin jami'o'in ƙasar nan, ƙungiya ba ta aiki sai ta yi rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai, ta miƙa tsarin mulkinta da sunayen shugabanninta, ta kuma samu malamin da zai tsaya mata a matsayin uban ƙungiya. Mai neman takara sai makinsa ya kai wani mizani, kuma ba a taɓa kama shi da laifi ba. Ni ban ga aibun wannan ba. Wanda ya san ɓarnar da ƙungiyoyin asiri suka yi a makarantun Najeriya ba zai ce a bar kowa ya kafa abin da ya ga dama ba. Kuma iyayenmu da suka sayar da albasa a Aliero ko buhun shinkafa a kasuwar Jega suka biya kuɗin makaranta, karatu suka tura yaro, ba kamfen ba.

Inda nake da ja shi ne abin da ya zama al'ada: da zarar shugabannin ɗalibai sun ɗaga murya a kan kuɗin makaranta ko ruwa ko wuta, sai a rushe ƙungiyar a naɗa kwamitin riƙo. Na gan shi da idona a makarantar da na yi difloma. Mun rubuta takardar koke a kan rashin ruwa a ɗakunan kwana, aka kira uku daga cikinmu gaban kwamitin ladabtarwa, kafin mako ya zagayo an naɗa waɗanda ba mu zaɓa ba su wakilce mu. Ruwan bai zo ba. Abin da ya canza kawai, ba wanda ya sake rubuta takarda. Sai ƙorafi a ɗaki da zage-zage a bayan ido.

Wannan dabarar ba sabuwa ba ce, gadon soja ce. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibai na yini, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo ta fito da zanga-zangar neman a sauke Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi na tarayya. Aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyar. A 1980 sai ga NANS ta maye gurbinta. A watan Mayu na 1986 kuma, a Jami'ar Ahmadu Bello zamanin Farfesa Ango Abdullahi, hukunta shugabannin ɗalibai ne ya rura wutar da ta kai 'yan sanda suka buɗe wuta, aka sake rasa rayuka. Sai a 1989 gwamnatin Babangida ta kafa doka mai lamba 47, wadda ta mayar da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, ta kuma ba da ikon haramta ta. Soja sun koma bariki tun 1999, sashe na 40 na tsarin mulki ya ba kowa 'yancin taro da kafa ƙungiya, amma tunanin dokar nan bai bar ofisoshin makarantu ba.

Ba sai mun je Zariya ba ma. Kowa a nan yana tune da watan Oktoba na 2024, lokacin da ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega suka fusata a kan zargin kuɗaɗen rajista da aka karɓa a hannunsu, har aka cinna wa gidan shugaban kwalejin wuta, aka rufe makarantar. Shugaban ya musanta zargin, kuma ni ba alƙali ba ne. Ƙona gida laifi ne, ba mai hankalin da zai kare shi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce: kafin a kai ga ashana, wa ya isa ya ɗauki koken yaran nan ya shiga ofis da shi ba tare da tsoron a kore shi ba? Shugaban makarantar da ke da zaɓaɓɓun wakilan ɗalibai masu iya faɗa masa gaskiya, shi ne mai barci da ido biyu rufe.

To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yanzu ga namu.

Mu 'yan siyasa mun mayar da ƙungiyoyin ɗalibai gonarmu. Ni da hannuna na taɓa kai ambulan ga shugabannin wata ƙungiyar ɗalibai don su cika mana motoci ranar gangami. A lokacin ina ganin ƙwazo na yi. Yau kuwa ku duba abin da muka shuka: ƙungiyoyin ɗaliban ƙananan hukumomi, waɗanda aka kafa don bin kadin tallafin karatu da taimakon sabbin shiga, da yawansu sun koma yawon raba lambar yabo gida-gida. A saya gilashi a rubuta sunan mai gida, a ɗauki hoto a sa a Facebook, a karɓi na mota. Shugaban da ya ci da kuɗin oga, ranar da aka ƙara kuɗin makaranta bakinsa a ɗinke yake. Kuma duk lokacin da muka yi haka, mun miƙa wa hukuma hujjar da take nema: ta ce ai ba ɗalibai ba ne, 'yan siyasa ne suka turo su.

Wani zai ce, "Shugaba, in mun janye ai ɗaya ɓangaren za su kwashe su." Na ji. Amma yaron da ya sayar mana da kansa a kan naira dubu ashirin, gobe zai sayar wa wanda ya ba shi talatin. Mun sha gani a zaɓen fitar da gwani. Ba ina cewa ɗalibi ya guji siyasa ba. Mai shekara 18 yana da ƙuri'a, kuma tun 2018 da aka rage shekarun takara, mai shekara 25 zai iya neman majalisar jiha ko ta wakilai. Ya zo mazaɓarsa ya yanki katin jam'iyya, ƙofa a buɗe take. Amma kujerar ƙungiyar ɗalibai ta masu kwana a ɗakin da ba ruwa ce, ba tamu ba.

Garin nan namu ne ya haifi Farfesa Attahiru Jega. Ya shugabanci ASUU daga 1988 zuwa 1994, lokacin da soja suka haramta ƙungiyar, daga baya ya riƙe Jami'ar Bayero, ya kuma riƙe hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Mutumin da ya zauna a ɓangaren masu koke ya zo ya zauna a ɓangaren masu sauraro. Jami'ar Aliero da aka kafa a 2006 tana iya fitar mana da irinsa, in dai an bar yara sun koyi jayayya da hujja, sun sha kaye a akwati sun haƙura.

Abin da nake roƙon hukumomin makarantunmu kaɗan ne. A sa ranar zaɓen ɗalibai cikin jadawalin shekara yadda ake sa ranar jarrabawa. In dole ta sa an naɗa kwamitin riƙo, a yanka masa wa'adi a rubuce, kada ya wuce zango guda. Kuɗin ƙungiya da ake cira daga aljihun kowane ɗalibi, a liƙa lissafinsa a allon sanarwa kowa ya gani.

Shi kuwa ƙanen nan nawa, ban haɗa shi da kowa ba. Na ce ya je ya zagaya ɗakunan kwana ya rubuto mini matsaloli biyar da sunayen ofisoshin da ke da alhakinsu, in ya kawo mu zauna in taya shi tsara takarda. Ya tafi ransa a ɓace. A zamanmu na matasa mai zuwa zan kawo shawarar mu haramta wa kanmu ba da kuɗi a zaɓen ɗalibai, kuma wanda bai yarda ba ya zo da hujjarsa.