RA'AYI: Su Sun Gina Gidan Opera Da Tubalin Roba, Mu Yaushe Za Mu Gina Gidan Kanta?

Yau ba saitin waya za mu koya ba, wata magana ce nake so mu tattauna.

Duk mai yawo a YouTube ba zai rasa cin karo da masu haɗa gine-gine da LEGO ba, wato ƙananan tubalan robar nan na ƙasar Denmark da ake maƙala wani a kan wani. Za ka ga dattijo da furfurarsa ya shafe watanni yana kwaikwayon Palais Garnier, gidan waƙa da rawa na birnin Paris da aka buɗe a 1875, ginshiƙi bayan ginshiƙi. Shi kansa kamfanin ya fitar da na gidan opera na Sydney a 2013, tubali 2,989 a kwali ɗaya.

Na san wani zai ce rashin aikin yi ne. Ni kam ban yarda ba. Ba ka iya kwaikwayon gini sai ka ƙirga ƙofofinsa, ka auna tsayinsa, ka gane abin da ke riƙe da rufinsa. Mai ɗaukar selfi wucewa yake yi, mai kwaikwayo shi ke lura.

To mu dawo gida. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu fadar sarakunan Kabi ce har zuwa 1942, aka mayar da shi gidan tarihi a 1958, shekarar da LEGO ya yi wa tubalinsa rajista. Mu nawa ne muka je bikin kamun kifi, muka cika waya da hotunan Matan Fada, amma ba mu leƙa gidan ba? Ga kuma tsofaffin soraye a cikin garin Birnin Kebbi, kullum ana rushe su ana zuba bulo. Ginin ƙasa ba ya jiran kowa: damina na ci, ambaliya irin ta 2020 na ci. A Kano ma an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa titi. Ranar da gini ya faɗi, abin da aka auna aka adana shi kaɗai ke saura.

Kuɗin LEGO fa? Gaskiya ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, amma ba dole sai an saya ba:

1. Ka nemi izinin masu kula da wurin kafin ka ɗaga waya.
2. Ka zagaya ginin kana ɗaukar hotuna da yawa, kowane ya haɗa da gefen na baya. Manhajar KIRI Engine ko Polycam za ta haɗa maka su su zama siffar 3D.
3. A Android ka sauke Luanti, kyauta ce, gini ake yi da tubali irin na Minecraft.
4. Mai kwamfuta ya sauke BrickLink Studio, ita ma kyauta, tubalan LEGO ne ba adadi.

Akwai wahala guda ɗaya: tubalin roba mai kusurwa ne, ginin Bahaushe kuwa lanƙwasa gare shi. Zanko da bakan gizo ba za su fito maka cikin sauƙi ba. Amma nan ne daɗin yake, don dole ka nemi tsohon magini ya yi maka bayanin yadda ake jera azara. Ilimin da ke kansa ya shigo wayarka ke nan.

Yaran da suka ƙera mota da kara da langalanga ba basira suka rasa ba, nuna musu ne ba a yi ba. Datar da ke ƙarewa a TikTok cikin dare ɗaya ta isa a fara.

Wane gini ne a garinku kuke ganin ya kamata a fara da shi? Ku rubuta a kwamen, wanda kuma ya gwada ya turo mana hoto mu ɗora.