A Auna Kafin a Kwance Inji

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa suna da injin dizal. Wasu tarakta ce, wasu injin niƙa, wasu kuwa injin ban-ruwa na fadama. Kuɗin jama'a ne aka tara aka saya. Amma ranar da inji ya fara tari, yana karkarwa, yana hayaƙi, sai hankali ya tashi. A kira bakanike, ya kasa kunne kaɗan, ya ce, "Sai an kwance." A kwance, a sayi ringi da fistan da gasket, a ɗaura. Wani lokaci inji ya warke. Wani lokaci kuwa tarin yana nan, kuɗi sun tafi, kwanakin huɗa kuma sun wuce.

Ra'ayina shi ne, kada wata ƙungiya ta yarda a buɗe mata inji sai an auna matsinsa tukuna. Ya kamata kuma ma'aunin ya zama na ƙungiya, yana cikin kayanta kamar sikeli da littafin ma'aji.

Bari mu fara da yadda injin yake aiki. Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin dizal ba shi da shi. Tun injin da Rudolf Diesel ya tayar a Jamus a 1897, dabarar ɗaya ce. Fistan yana matse iska a cikin silinda har ta koma kamar kashi ɗaya cikin 16 zuwa 22 na girmanta. Matsewar nan tana sa iskar ta yi zafi ƙwarai. Sai nozul ya fesa mai a ciki, man ya kama da kansa. Watau abu uku inji yake bukata: iska mai tsabta, mai mai tsabta a kan lokaci, da matsi. In ɗaya ya kasa, inji zai yi gardama. Biyun farko gyaransu da sauƙi. Na ukun ne mai cin kuɗi. Saboda haka hankali ya ce a fara da mai araha.

Da fari a dubi iska. Ƙurar hunturu da ƙurar masussuka suna toshe filtar iska. Injin niƙa ma garin da yake niƙawa yake shaƙa. Inji in bai sami iska sosai ba, sai ya yi baƙin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu. A wanke filta ko a sake ta. In mai kwanon baƙin mai ce, a zubar da tsohon man, a wanke laka, a zuba sabo daidai layi.

Na biyu a dubi mai. Man da ya daɗe a duro yakan tara ruwa da tsatsa a ƙasa. Wani man kuma an gauraya shi da kananzir tun daga wurin mai sayarwa. A tsiyaye kaɗan a kwalba mai haske, a ajiye ta. In da ruwa, zai kwanta a ƙasa, kowa ya gani. A sake filtar mai, a fitar da iskar da ta shiga bututu, gama iska kaɗan a layin mai ta isa ta sa inji ya riƙa yankewa.

Na uku a lura da hayaƙi. Baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Shuɗi, inji yana cin baƙin mai. Fari mai warin gas, man bai ƙone ba, ko don nozul ya lalace, ko don matsi ya kasa. Fari marar wari kamar tururi, ga ruwan lagireto yana raguwa, to, ruwa yana shiga silinda.

A tsofaffin taraktoci masu silinda uku ko huɗu, irin Massey Ferguson mai injin Perkins, bakanike yakan sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya inji yana tafiya a hankali. Wanda aka sassauta muryar inji ba ta sāke ba, silindar nan ce ba ta aiki. Amma a yi hankali. Man da ke fita da ƙarfi yana iya huda fata, ya jawo ciwo mai tsanani. Sababbin injuna masu kwamfuta kuwa, kada a gwada musu wannan ko kaɗan, gama ƙarfin mansu ya wuce misali.

To, an gano silindar da ba ta aiki. Saura tambaya ɗaya: laifin nozul ne, ko matsi ne ya zube? Kunne ba ya iya raba su. Nan ne ma'aunin matsi yake da rana. Gyaran nozul aikin yini ɗaya ne. Kwance inji kuwa yana iya cin makonni, da kuɗin da za a daɗe ana biya.

Ga yadda ake awo. A bar inji ya yi ɗumi. A tabbata batir ya cika, gama in kik yana juyawa a sanyaye, lambar za ta fito ƙasa, a ɗora wa inji laifin da ba nasa ba. A daidaita tafet tukuna, domin bawul da ba ya rufuwa sarai yana zubar da matsi. A tsai da mai. A cire nozul, ko hita in injin yana da ita a kowace silinda, a ɗaura ma'auni a gurbin. A juya inji har allura ta daina hawa. A rubuta lamba. A yi wa kowace silinda haka, da juyi iri ɗaya.

Yawancin injunan dizal masu lafiya suna nuna tsakanin 300 da 500 a layin da aka rubuta psi, watau kamar 20 zuwa 35 a layin bar. Ainihin lambar kowane inji tana cikin littafinsa. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne silindu su yi kusa da juna. Bambanci kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Misali, in uku sun nuna wajen 400, ɗaya ta nuna 290, an kama mai laifi. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, a zargi gasket da ke tsakaninsu. In duka suka faɗi, ga hayaƙi yana fita ta bututun numfashin inji, ringi da silinda sun cinye, sau da yawa kuwa aikin ƙura ne. In duka suna da kyau, kada a taɓa cikin inji. A kai nozul da famfon mai wurin masu gwada su. 'Yan'uwa na kan tudu, irin su Jos da Mambila, su sani iskarsu ba ta kai ta ƙasa nauyi ba. A Jos lamba takan ragu da fiye da kashi 10 cikin ɗari ko inji lafiya lau yake.

Gargaɗi ɗaya. Masu gyaran motar fetur sukan ɗiga baƙin mai a silinda su sake awo. A injin dizal wannan haɗari ne. Man yana iya kamawa da wuta ya fasa ma'auni, in ya yi yawa kuma ya lanƙwasa sandar fistan.

Yanzu sai zaɓen ma'auni. Araha ba ta ado. Ma'aunin injin fetur yakan tsaya a 300 psi, injin dizal kuwa yana iya lalata shi. A nemi wanda fuskarsa ta kai 1000 psi, ko 70 bar. Kada a karɓi mai bakin roba wanda ake dannawa da hannu, ba hannun da zai riƙe wannan ƙarfi. A sayi mai bakin ƙarfe wanda ake ɗaurawa. A duba bututunsa mai kauri ne, da ɗan bawul mai hana iska komawa, da maɓallin sakin iska. Allura ta tsaya inda ta kai, kada ta riƙa saukowa da kanta.

Babban abin lura shi ne bakin ya dace da injinku. Akwatuna da yawa a kasuwa don ƙananan motoci aka yi su, bakunansu na ramin hita ne. Taraktoci da injunan niƙa da yawa ba su da wannan rami, sai ta gurbin nozul. Saboda haka mai zuwa saye ya tafi da tsohon nozul a aljihu, ya gwada. In ba a sami daidai ba, gwanin bakanike yana iya cire cikin tsohon nozul ya mai da shi baki. Kafin a biya kuɗi, a yi sharaɗi da mai kanti. A auna silinda ɗaya sau uku. In lambobin sun sha bamban, a mayar masa da abinsa.

Wani zai ce, ai bakanikenmu ya daɗe yana aiki, kunnensa ya isa. Gaskiya ne akwai gwanaye, ba kuwa raina su nake yi ba. Mai injin Lister na hannu ma yana jin matsi a damtsensa sa'ad da yake juya hannun tayarwa. Amma gani ya kori ji. Lamba a takarda tana kāre bakanike mai gaskiya daga zargi, tana kuma kāre shugabanni ranar da za su ba da lissafi a gaban taro. Wani kuma zai ce kuɗin ya yi yawa. To, a gwada shi da kuɗin kwance inji sau ɗaya a banza. In ƙungiya ɗaya ba ta iya ba, uku ko huɗu na gunduma ɗaya su haɗa hannu. Ma'aji ya ajiye shi a akwatinsa, mai aro ya sa hannu a littafi.

Kada kuma a jira sai inji ya kwanta. Ba a fafe gora ranar tafiya. A auna kowane inji sau ɗaya a shekara, da rani, a rubuta lambobin da kwanan wata. Bana 420, baɗi 400, wata shekara 350, kun ga inda aka nufa, kuna da lokacin tara kuɗi kafin ruwan fari ya sauka. A kawo maganar nan a taronku na gaba, a yanke shawara, a rubuta ta cikin dokokin ƙungiya.