A Duba Zuciyar Kwamfuta Kafin A Sayi Katanga

Sanin kowa ne cewa ma'aikatu da jami'o'i suna kashe kuɗi masu yawa wajen sayen na'urorin tsare kwamfutocinsu daga ɓarayin intanet. Amma sau da yawa akan bar zuciyar babbar manhajar kwamfutar, watau sashen da ke karɓar kowane saƙo daga waje, yadda ta fito daga hannun masu yinta. Wannan kuwa sakaci ne, domin gyaranta ba ya cin ko kwabo.

Alal misali, a watan Satumba na 1996 aka durƙusar da kamfanin intanet na Panix a birnin New York na Amurka. Maharan sun yi ta aika buƙatun haɗi na ƙarya, kwamfutar tana ware wa kowace buƙata wuri tana jiran amsar da ba za ta zo ba, har wuri ya ƙare, masu hulɗa na gaskiya suka rasa hanya. A shekarar nan Daniel Bernstein da Eric Schenk suka fito da dabarar da kwamfuta ba ta ware wurin sai baƙon ya amsa. A manhajar Linux layi ɗaya ne, tcp_syncookies, kuma yawanci a kunne yake zuwa.

Ba dukkan saiti ne haka ba. Linux, in ba a hana ta ba, tana karɓar saƙon da ke ce mata ta sauya hanyar da bayananta ke bi, maƙiyi kuwa da ke cikin layin ofis yana iya karkatar da su ta wurinsa. Mayar da accept_redirects zuwa 0 ya toshe wannan ƙofa.

Wasu ma'aikata sukan ce taɓa zuciyar manhaja kasada ce. Suna da hujja. Saitin rp_filter, mai watsar da saƙon da adireshinsa bai dace da hanyar da ya biyo ba, yana iya yanke ofishin da ke da layin intanet biyu. Maganin wannan shi ne gwaji a kan kwamfuta ɗaya kafin sauran.

Har ila yau, gyaran da aka yi da umarnin sysctl kaɗai yakan ɓace da zarar kwamfuta ta mutu ta tashi, abin da ɗaukewar wuta ke jawowa kullum. Ya kamata shugabannin sassa su tilasta a rubuta kowane gyara cikin fayil ɗin saiti, tare da dalilinsa da ranar yinsa, domin wanda zai gaji kujerar bayan canjin wurin aiki.